Guduma a Watan Shiru

Tun da na dawo daga Ghana ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin Malam Idi mai shayi, nan bakin titinmu na Tudun Wadan Zariya, kafin in kai kofi baki sai wani ya ce, "Haladu, wai da gaske ne an kama ku?" Wani ya ce ya ji zinariya muka je haƙa, wani kuma ya rantse cewa aljanun mutane muka tayar. Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, ni kuwa in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikaci ne a sashen nazarin ƙasa da duwatsu na jami'a, ni ke kula da na'urori. A cikinsu akwai wadda nake ji da ita fiye da kowacce, wato na'urar ɗaukar hoton cikin ƙasa. Aikinta ba wuyar ganewa. Muna da waɗansu 'yan abubuwa masu tsini, girman kofin shayi, da muke kira kunnuwa. Sai a kakkafa su a ƙasa a jere, a haɗa su da doguwar waya zuwa kwamfuta. Sannan a ajiye farantin ƙarfe, a maka masa guduma. Bugun ya nutsa, ya daki shimfiɗun duwatsun da ke can ƙasa, ya dawo, kunnuwan su ji, kwamfuta ta zana hoto kamar yadda ake ɗaukar hoton cikin mai juna biyu a asibiti. In shimfiɗun sun tafi a miƙe, lafiya lau. In kuwa aka ga sun karye, ɓangare ɗaya ya zame ƙasa, to tsaga ce, kuma a kan irin wannan tsagar ne ƙasa ke motsawa ta yi girgiza.

Shugabata a wurin aiki, Dakta Rahila, 'yar Wusasa ce, gajeruwa mai magana ɗaya. Ita ce ta kira ni ofis ta ce wani abokin karatunta a Ghana, Dakta Tetteh, yana neman agaji. Wani kamfani zai kafa manyan tankunan gas a unguwar masana'antu da ke gabas da Accra, aka ce sai an duba ƙasar tukuna, domin yankin yakan ɗan girgiza jefi-jefi. Tasu na'urar ta lalace. "Za ka iya zuwa, Malam Haladu?" in ji ta. Na ce, "Dakta, ko yanzu ne in koma gida in ɗauko jakata."

Ba don yawon buɗe ido kaɗai nake zumuɗi ba. Ƙanwar Baba, Gwaggo Talatu, aure ya kai ta Ghana tun ban shiga makaranta ba, kuma gidanta na zango ne, unguwar Hausawan can, a bayan katangar masana'antun nan daidai. Da sana'ar koko ta gina shi, bulo bayan bulo, ta bar ƙarafan rodi a tsaye saman rufi don ta ɗora bene. Shekara da shekaru tana yi wa Baba alkawarin ɗaki a sama, wanda in ya buɗe taga zai hango teku. Baba bai taɓa ganin teku ba, kuma kullum ta kira shi amsarsa ɗaya ce, sai ta ɗora benen zai zo. To girgizar da aka yi ta ƙarshe ta tsaga mata bango, ta dakatar da magina. Da ta ji zan zo, sai ga ta a waya.

"Haladu, tunda Allah ya kawo ka da injinka, ka duba min. In ɗora benen nan ko kada in ɗora? Bulo na nan a jibge, magina suna ta damuna. Yaya kuma ba ƙaramin yaro yake komawa ba."

Na ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki, ai aikin ya zo gida." Na faɗi haka ne da cika baki, don a zuciyata na riga na yanke cewa albishir zan kai mata.

Jirgi ba ya ɗaukar baturanmu, don haka mota muka bi, wata doguwar bas ta sashenmu, da direbanmu Ɗanladi na Gyallesu, mutumin da ya yi imani cewa duk motar da ke gabansa raina shi ta yi. Muka ɗauki Dakta a unguwar Kongo, muka tsaya Kwangila muka sayi burodi da ruwa, muka kama hanya. Inna ta haɗa ni da tsarabar Gwaggo, daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya, a cikin buhu. Kafin mu kai Lokoja, daddawar nan ta mallaki motar gaba ɗaya. Dakta ta daure, ta daure, daga ƙarshe ta ce, "Malam Haladu, ko dai buhun ya hau rufin mota, ko kai ka hau." Buhun ne ya hau.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, don ban ga komai ba sai bayan motoci. A bakin iyakar Seme ne aka fara wasan. Wani jami'i ya ce a buɗe akwatuna, Ɗanladi ya buɗe na farko, sai ga kunnuwanmu a jere, jajaye, kowanne da tsini da waya. Mutumin ya ja da baya, ya kira wani, wannan ya kira wani, nan da nan aka zagaye mu. Ban ga laifinsu ba, don ni ma da ban san su ba da na ce abin fashewa ne. Dakta ta nuna takardu, ta yi bayani da Turanci mai kyau, amma idonsu na kan akwatin. Sai na ce a ba ni izini in nuna. Na kafa kunne ɗaya a ƙasa, na haɗa da kwamfuta, na ce wa ƙaramin cikinsu ya buga ƙafa. Ya buga, layin da ke kan allo ya yi tsalle. Ai kuwa sai wuri ya koma filin wasa. Kowa na son ya ga nasa, har da wata mai sayar da lemo. Can sai ga babbansu, wani ƙato mai tumbi, ya ce a matsa masa. Ya tattare wando ya daka tsalle, layin ya cika allon sama da ƙasa. Yaransa suka yi ta tafi, shi kuwa ya buga mana hatimi yana haki.

A Kwatano na ga abin da ya ba ni mamaki: mata a kan babur, da zanensu da ɗankwalinsu, wata har da goyo, suna kutsawa tsakanin motoci ba ko gezau. Fetur kuwa a manyan kwalabe ake sayar da shi a gefen titi. Faransanci ba na jin ko "zo in kashe ka", na shiga neman abinci da hannu kamar bebe, ina nuna tukunya ina nuna bakina. Mai naman da ke gefe ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, daga ina?" Ashe Bazazzage ne, kakansa daga Ƙofar Doka. Ya ƙi karɓar komai, ya cika mana takarda da tsire, ya ce in gaishe masa da garin da shi kansa bai taɓa gani ba.

Teku kuwa a Lome na gan ta sosai, don titin a bakinta yake. Na sa Ɗanladi ya tsaya. Na cire takalmi na ruga kamar yaro, ina cewa Allahu Akbar, ruwa har inda ido ya ƙare. Ina tsaye ina ɗaukar hoto don Baba, sai igiyar ruwa ta zo ta share ni har ƙugu, ta tafi da takalmina ɗaya. Da silifas ɗin wankan Ɗanladi na shiga ƙasar Ghana, Dakta tana ta danne dariya a bayan mota.

Tun daga iyaka na lura mutanen Ghana ba sa buɗe baki sai sun ce "don Allah", ko da faɗa za su yi maka. Wani direba da Ɗanladi ya shiga gabansa ya leƙo ya ce, "Don Allah, ba ka da hankali." Sai kuma sha'anin mutuwa. Mu a gida, mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi, likkafani da makara, shi ke nan. Su kuwa sai a ajiye mamaci a yi ta shiri, a manna hotonsa a allon talla kamar ɗan takara. Muka wuce shagon wani kafinta na ga ƙaton kifi na katako, an yi masa fenti, da mota, da kaza. Na ce kayan wasan yara ne? Aka ce akwatunan gawa ne, masunci a sa shi a kifi, direba a mota. Na dubi Ɗanladi, ya ce, "Ko da wasa kada ka fara."

Kamfanin ya kama mana masauki, amma Gwaggo ta ce sai dai bayan ranta. Tun daga bakin lungu ta taro mu da guɗa, ta riƙe kunnena tana cewa, "Dubi ɗan Yaya, har da furfura!" Ta ba Dakta ɗakinta, ni da Ɗanladi ɗakin zaure. Ta buɗe buhun daddawa ta shaƙa, sai hawaye. Kafin mu sha ruwa ta ja ni bayan gida ta nuna min bangon. Tsagar ta taso daga ƙasa har ƙarƙashin taga, yatsana na shiga. Sama kuma ga rodin nan a tsaye sun yi tsatsa, an kifa musu kwalabe a kai. Ta ɗaga hannu ta nuna. "Nan ne ɗakin Yaya. Tagar ta nan za ta kalla."

Abinci dai na ci har na ji kunya. Akwai dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, a ci da soyayyen kifi da wani baƙin yaji da suke kira shito. Loma ta farko na yamutsa fuska, ta biyar ina neman ƙari. Akwai wake da shinkafa da suke dafawa da karan dawa har ya yi ja. Kokon Gwaggo kuwa, tun asuba layi yake kaiwa bakin titi, ma'aikatan masana'antu da masunta da 'yan coci, kowa da kwanonsa, kowa kuma ta san sunansa da na 'ya'yansa.

Dakta Tetteh dogon mutum ne mai fara'a, ɗan ƙabilar Ga, masu garin, amma a birni ya tashi. Ya kai mu filin da za a kafa tankunan, muka ja waya, muka kafa kunnuwa, na tofa yawu a hannu na ɗaga guduma. Abin da ya fito a allo kuwa, ko tsintsiya ta fi shi tsari. Kunnuwan nan ba sa zaɓe, duk abin da ya motsa ƙasa sai sun ji. Injinan masana'antu na ruri, tireloli na wucewa, coci na gwada lasifika, gidan makoki na kiɗa kamar biki. Ranar da muka matsa kusa da zango muka ga wani bugu a allo, dum, dum, a tsare, alhali gudumata na ajiye. Muka bi sawu, ashe wata mata ce ke dakan sakwara a bayan katanga. Na fusata na ce wannan gari ba ya yin shiru ne? Kullum na koma gida Gwaggo ta tarye ni da ido, ni kuma in ce mata tukuna.

Dakta Tetteh ya ce in yi haƙuri, ya riga ya yi lissafinsa. A al'adar mutanensa, in an yi shuka kafin babban bikinsu na shekara, akan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda. Ba ganga, ba lasifika, ba tafi, ko makoki ba a yi. Coci da masallaci duk sukan sauke murya. Ya ce dokar za ta fara a makon nan, kuma ranar Lahadi yawancin injina a kashe suke. "Za ku ji shirun da ba ku taɓa ji ba," in ji shi, yana murmushin wanda ya yi dabara.

Wallahi bai yi ƙarya ba. Safiyar Lahadin nan har kukan tsuntsayen teku muke ji. Na duba allo, layukan sun kwanta lamo. Farin ciki ya kama ni, na ɗaga gudumar nan da dukan ƙarfina na sauke a kan farantin ƙarfe. Ƙarar ta tashi, tangaran, ta daki bangon masana'anta ta dawo, ta ratsa gari. Dakta Rahila ta ce, "Kai, dubi kyau! Ƙara!" Na ƙara, na ƙara. Mu uku da iliminmu, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa a duk faɗin garin nan mu kaɗai ne ke hayaniya. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

Ban ankara ba sai ga samari sun kewaye mu, da jan ƙyalle ɗaure a kai. Ba su zagi kowa ba. Babbansu ya ce, "Don Allah, kawo gudumar." Na riƙe ta gam, na fara ɗaga murya, don ni ba a taɓa karɓe min kayan aiki ba. Dakta Rahila ta ce a hankali, "Malam Haladu, ihun ma laifi ne. Ba shi." Na ba shi. Suka ɗauki farantin, suka ce mu biyo su gidan wulomo, wato dattijon da ke riƙe da al'adar garin. Dakta Tetteh ya dafe kai yana cewa da kakarsa na da rai da ta yi masa dariya har ta faɗi. Ni kuwa ba dariya a raina, domin in aka riƙe gudumar har ƙarshen wata, lokacinmu ya ƙare, mu koma Zariya hannu rabbana, Gwaggo kuma ba amsa.

Ɗanladi ne ya ruga ya gaya mata. Kafin mu gama zama a tsakar gidan dattijon sai ga ta da mayafinta, ta bar tukunyar koko a wuta. Dattijon na zaune cikin fararen kaya, ƙafarsa ba takalmi. A can ba a yi wa babba magana kai tsaye, sai ta bakin wani mai sanda da ke tsaye a gefensa, ko da kuwa yana jin ka sarai. Na ce a raina, mu ma a fada haka ake yi, sai dai mu a durƙushe muke. Gwaggo ta yi magana da harshensu tiryan-tiryan, Dakta Tetteh na fassara mana. Ta ce waɗannan baƙinta ne, a gidanta suke kwana, kuma baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. In akwai laifi nata ne da ba ta gaya mana ba. In muka sake, a rufe mata teburin koko har dokar ta ƙare. Ni kuwa na san abin da teburin nan yake a wurinta.

Dattijon ya tambaya, ta bakin mai sanda, me muke nema da muke dukan ƙasa a lokacin da aka ce a bar ta ta huta. Dakta Rahila ta miƙe, ta ce ƙwanƙwasawa muke mu ji ko akwai karaya a ciki, kafin a ɗora mata tankunan da in suka fashe ba wanda zai tsira, daga masana'anta har zango har gidan da muke zaune. Dattijon ya ce shi ma ya ji girgizar nan, ta zubar masa da tulu. Amma doka doka ce, ba zai ce wa masu coci su ajiye ganga ba sannan ya bar baƙi suna buga ƙarfe. Sai Dakta ta ce, "A gaya wa Baba, ƙarar da ke tashi sama mu ma ba ta da amfani a wurinmu. Wadda ke shiga ƙasa muke so. In muka kashe ta sama, za a bar mu?" Ya ce mu gwada a gabansa.

Ɗanladi ya samo guntun tsohuwar tayar tirela a wurin mai faci, Gwaggo ta aika aka kawo wani kututturen icce da take faskare a kai. Muka binne shi rabi a tsakar gidan, muka shimfiɗa robar a sama, muka kafa kunne ɗaya. Aka miƙo min gudumata. Dattijon ya rufe ido. Ban taɓa jin tsoron bugu irin na ranar ba. Na yi bismilla na sauke. Wani ɗan dum ya fito, bai kai na tabarya ba, amma layin allo ya yi tsalle mai kyau. Dattijon ya buɗe ido, ya dubi tafin ƙafarsa, ya yi magana. Mai sanda ya ce, "Ya ce kunnensa bai ji ba, ƙafarsa ce ta ji. Dokar kuma ta kunne ce." Aka ci mu tarar da al'ada ta tanada, Dakta Tetteh ya ɗauki nauyinta, ya ce kuɗin makarantar al'ada da bai yi ba ne. Dattijon ya ƙara da sharaɗi ɗaya, cewa wayarmu ta bi ta ƙofar gidansa, shi ma a duba masa.

Daga ranar aiki ya tafi kamar an shafa mai. Muka ja layi a cikin filin, muka ja wani ta bayan katanga, ta ƙofar dattijon, ya bi lungun Gwaggo har bakin kwata. Samarin nan masu jan ƙyalle su suka koma tsare mana hanya, suna roƙon mata su ɗan ajiye tabarya. Hannuna ya yi kanta, kafaɗata ta yi tsami, amma ban taɓa jin daɗin aiki haka ba.

Ranar da Dakta Rahila ta gama haɗa hoton, a zauren Gwaggo muke da hantsi. Ta juyo mana da kwamfutar. Ga shimfiɗun nan sun fito ɓaro-ɓaro, ɗaya a kan ɗaya, sun taho a miƙe, sai a tsakiya suka karye, ɓangaren kudu ya zame ƙasa. Kuma karayar ba ta tsaya a tsohon dutse ba, ta hau har cikin yashin sama-sama, wanda ke nuna ba ta daɗe da motsawa ba. A ƙarƙashin kusurwar filin tankunan take. Na buɗe baki zan yi ihu, Dakta Tetteh ya toshe min da hannu. Ba halin tafi, ba halin guɗa. Sai ga manyan malamai biyu da ni muna tsalle a zaure ba sauti, muna girgiza hannun juna. Tun a ranar Dakta Tetteh ya kira mutanen kamfanin, kuma kafin mu baro ƙasar sun fara maganar matsar da tankunan can gefe.

Muna cikin murna Dakta Rahila ta buɗe hoton layi na biyu, na bayan katanga. Ƙofar dattijon lafiya lau. Ta ci gaba da matsar da yatsa, ta tsaya. Karayar ta sake fitowa. Na duba lambar kunnen da ke kanta, ban ma buƙaci taswira ba, don ni na kafa shi da hannuna a gindin bangon Gwaggo, ƙarƙashin tagar nan. Murnata ta tsaya cak. Na ce, "Dakta, ko a sake bugawa?" Ta ce, "Ka san ba kuskure ba ne. In gaya mata, ko za ka gaya mata?" Na ce ni ta tambaya.

Na same ta a tsakar gida tana tace gasara. Na durƙusa kusa da ita. Ba ta ɗago ba ta ce, "Tun da na ji tsallenku ya tsaya na sani. Faɗi." Na gaya mata. Dakta Rahila ta fito ta zauna a kan turmi, ta ce, "Hajiya, ba wanda zai ce miki yaushe za ta motsa. Wataƙila ba a zamaninmu ba. Ɗakunan da ke ƙasa za a iya ɗaure su, a sa rufi mara nauyi, Dakta Tetteh zai turo wanda ya san aikin. Amma kankare da bene a kan wannan wuri, ni dai ba zan kwantar da 'ya'yana a ciki ba."

Gwaggo ta daɗe tana kallon rodin nan. Ta wanke hannu, ta goge a zani. Na ga idonta ya ciko, ni ma nawa ya ciko, na ce, "Gwaggo, ki yafe ni, ba haka na so ba." Ta ce, "Yafe me? Da ka bar ni na ɗora Yaya a sama ya faɗo min? Ni na ce ka duba." Sai ta ƙwala wa Ɗanladi kira, ta manta da doka, ta ce ya je ya kira mata mai walda. Na tuna mata injin yanka ƙarfe yana da ƙara. Ta ce to ya zo da zarto. Da yammar nan muna zaune muna jinsa a sama yana yanka rodin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ita kuma tana ta zuba mana ƙosai kamar ba abin da ya faru.

Ranar da za mu taho ta cika motar da dokunu da shito da atamfa, har da sababbin takalma a madadin wanda teku ta ci. Ta riƙe ƙofar mota ta ce, "Ka gaya wa Yaya babu bene. Ka gaya masa teku na nan inda take, in ya zo da ƙafata zan kai shi." Duk tsawon hanya, daga iyakar Aflawo har Kwangila, maganar nan nake juyawa, ina tunanin yadda zan faɗa wa tsohon da ya shekara ashirin yana jiran ɗaki.

Na tarar da Baba a ƙofar gida kan buzunsa, bayan la'asar. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "To, ta ɗora?" Na zauna na ba shi labari tun daga farko, na faɗa masa saƙon Gwaggo kalma da kalma. Ya ci gaba da jan carbi. Can ya shafa gwiwarsa, ya ce, "Ni dama ina zan iya hawa bene da wannan ƙafar? Kunya ce ta hana ni gaya mata." Sannan ya dube ni ya ce, "Shi Ɗanladin naku, yaushe zai sake komawa?"